Bin Sawun Marubuci: Ziyarar Ilmi Zuwa Wuraren da Suka Shafi Rayuwar Alhaji Abubakar Imam

Gabatarwa

Daga cikin dabarun koyar da adabi akwai wadda ake kira ziyarar ilmi, wato malami ya fita da ɗalibansa daga aji, su je su gane wa idonsu wuraren da marubuci ya zauna, ko ya yi karatu, ko ya yi aiki. Wannan dabara ta daɗe a wasu ƙasashe. A Ingila mutane kan yi takakka zuwa garin Stratford don ganin gidan da aka haifi Shakespeare, a Masar kuma an buɗe gidan adana kayan tarihin Najib Mahfuz a shekarar 2019, kusa da Masallacin Azhar a birnin Alƙahira. A ƙasar Hausa ba a saba da haka ba. Ɗalibi kan karanta Ruwan Bagaja tun yana sakandare, ya sake karanta shi a kwaleji, ya amsa tambayoyi a kansa a jarrabawa, alhali kuwa kullum yana wucewa ta kusa da makarantar da mai littafin ya yi karatu ba tare da ya taɓa leƙa ta ba.

A wannan darasi za a bi sawun Alhaji Abubakar Imam (1911–1981), daga birnin Katsina zuwa Zariya da Kaduna, sannan a waiwayi Kagara da Kwantagora. Manufar ita ce ɗalibi mai koyon aikin malanta ya gane abin da wuri zai iya bayyanawa game da littafi, ya kuma gane abin da wuri ba zai taɓa bayyanawa ba. Sanin wannan bambanci shi ne ke raba ziyarar ilmi da yawon shan iska.

Dalilin farawa daga Katsina

Wanda ya karanta tarihin Abubakar Imam zai iya cewa ai daga Kagara ya kamata a tashi, tun da can aka haife shi a shekarar 1911, can kuma ya fara karatun allo a hannun mahaifinsa Malam Shehu Usman. Wannan magana tana da hujja idan tarihin mutum ake bi. Amma idan tarihin marubuci ake bi, Katsina ce mafari. A nan ya yi karatun boko, a nan ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927 ya fita a 1932, a nan ya fara koyarwa, a nan kuma ya rubuta littafinsa na farko. Kagara ta ba shi harshen uwa da karatun addini, amma alƙalamin boko a Katsina aka damƙa masa shi.

Akwai kuma wani dalili na sauƙi. Wuraren da suka fi muhimmanci a wannan ziyara suna cikin birnin Katsina, ana iya zagaya su a yini guda ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Malamin da ba shi da halin ɗaukar ɗalibai zuwa Zariya ba shi da uzurin barin wannan kashi.

Zangon farko: tsohuwar Kwalejin Katsina

An kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An kafa ta ne don ta samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, saboda haka daga kowane lardi ake zaɓo 'yan yara kaɗan a kawo. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 kuma aka mayar da ita Zariya, inda daga baya ta samu sunan Kwalejin Barewa. Tsohon ginin na Katsina yana nan a unguwar Rafindadi. An sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1959, daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi.

Abu na farko da zai ja hankalin mai ziyara shi ne ginin kansa. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, mai kaurin bango da rufin azara. Ɗalibai da yawa kan zo da zaton za su ga wani katafaren bene irin na Turawa, sai su tarar da soraye. Ya kamata malami ya tsaya a kan wannan, domin yana nuna yanayin makarantar gaba ɗaya: waje na Hausa, ciki kuwa Ingilishi ake karantarwa da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, a gefe guda kuma ga darasin Larabci da addini. Yaron da ya yi shekara biyar a irin wannan wuri zai fita da taska biyu a kansa, ta gabas da ta yamma, kuma duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san cewa daga taskokin nan biyu marubucin ya yi ta ɗiba.

Abu na biyu shi ne mutanen da suka zauna a azuzuwan. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Ke nan su da Abubakar Imam sun yi zamani ɗaya a makarantar. Yawancin masu ziyara kan tsaya a kan wannan, su ce ga inda aka yi renon shugabannin Arewa. Gaskiya ne, amma ɗalibin Hausa yana da abin da ya fi wannan kusa da fanninsa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙaga labarai ta 1933, aƙalla uku suna da alaƙa ta kai tsaye da wannan gini. Mai Ruwan Bagaja tsohon ɗalibinta ne. Mai Shaihu Umar, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma ɗalibinta ne. Mai Ganɗoki kuwa, Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, malami ne a cikinta, yana koyar da Larabci da addinin Musulunci, kafin daga baya ya koma aikin alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Sauran littattafan biyu su ne Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East.

Saboda haka idan aka ce ƙagaggen labarin Hausa na boko ya tsiro ne a gasar 1933, to ba laifi a ƙara da cewa a wannan makaranta aka yi yayyafin irinsa. Wannan yana amsa wata tambaya da ɗalibai kan yi, wato me ya sa marubutan farko kusan duk malaman makaranta ne ko ma'aikata. Amsar tana tsaye a gabansu: a farkon shekarun 1930 waɗanda suka iya rubutun boko sosai, suka kuma taɓa karanta ƙagaggen labari a rubuce, 'yan ƙalilan ne, kuma mafi yawansu ta irin wannan ƙofa suka biyo.

Zango na biyu: Midil ta Katsina da Ruwan Bagaja

Da Abubakar Imam ya gama kwaleji a 1932, sai aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina, wadda daga baya ta zama sakandaren lardi, sannan Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Yana wannan aiki ne R. M. East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa a 1933, yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa. Bukatar hukuma a fili take. An koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi, sai littattafan fassara da na koyarwa. East ya bayyana daga baya, a wata maƙala da ya buga a 1936, cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai ilmi, domin a ganinsu rubutu na addini ne da al'amura masu nauyi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce.

Saurayi ɗan shekara 22 da ke koyarwa a Midil bai ji wannan nauyi ba. Ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika, aka buga shi tare da sauran littattafan gasar a tsakanin 1934 da 1935.

A nan ne ya kamata malami ya zaunar da ɗalibai, ya fito da littafin, ya sa su jera sunayen garuruwan da Alhaji Imam na cikin labari ya bi wajen neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Za su ga labarin ya tashi daga Kwantagora, wadda gari ce ta gaske. Za su ga Tambutu, ita ma ta gaske ce, tana ƙasar Mali. Daga nan sai sunaye su fara kuɓuce wa taswira, har a kai ga ƙasashen aljannu. Idan aka tambaye su ina Katsina a cikin wannan tafiya, za su ga ba ta da wani matsayi a labarin, ko da yake a cikinta aka rubuta shi.

Wannan shi ne babban darasin ziyarar. Kowane marubuci yana da taswira biyu: ta rayuwarsa da ta littafinsa. Ta farko ana iya bin ta da mota. Ta biyu sai da karatu. Akwai marubutan da taswirorinsu biyu suka kusa zama ɗaya, kamar Najib Mahfuz, wanda ya sa wa littattafansa sunayen titunan tsohuwar Alƙahira, har mai karatu zai iya zuwa ya tsaya a titin. Abubakar Imam ba ya cikin wannan rukuni. Labaransa suna faruwa ne a wani gari a ƙasashen gabas, ko a fadar wani sarki da tarihi bai san shi ba. Wanda ya fita neman rijiyar Ruwan Bagaja ko fadar Sarki Abdurrahman zai dawo hannu rabbana, kuma idan wani ɗan rakiya ya nuna wa ɗalibai wata rijiya ya ce ita ce, wajibin malami ne ya gyara maganar nan take.

To, me za a samu a Katsina idan ba a sami wuraren labarin ba? Za a sami mutanensa. Alƙali da ɗan sanda, mai unguwa da dillali, malamin tsibbu da almajiri, bafade mai kirari da attajiri mai rowa, duk waɗanda suka cika Ruwan Bagaja irin mutanen da ake gani ne a ƙofar fada da kasuwa da zauren shari'a na kowane birnin Hausa. Marubucin ya ba garuruwansa sunayen nesa, amma ya zuba musu jama'ar gida. Don haka tsayawa ta rabin sa'a a Ƙofar Soro, a kalli yadda fadawa ke gaisuwa da yadda ake shiga da fita, ta fi amfani ga mai nazarin littafin a kan dogon bayani a allo. Sai dai a nemi izini tukuna, a kuma gargaɗi ɗalibai game da ladabin wurin.

Hasumiyar Gobarau

Kafin a bar birni yana da kyau a biya ta Hasumiyar Gobarau, ko da ba ta da alaƙa ta kai tsaye da rayuwar marubucin. Dalili shi ne kada ɗalibai su fita da zaton cewa ilmi ya fara a Katsina ne ran da aka buɗe kwaleji. Hasumiyar da kuma sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17, shaida ne cewa birnin ya yi ɗaruruwan shekaru yana karatu da rubutu da Larabci kafin zuwan Turawa.

Wannan yana da muhimmanci ga fahimtar Ruwan Bagaja. Abubakar Imam da kansa ya ambaci cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri, littafin adabin Larabci da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa. A cikin Muƙama akwai mutum biyu da ke ta haɗuwa gari bayan gari, ɗaya mai ba da labari, ɗaya kuma Abu Zaidi mai wayo da iya zance. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke rabuwa a wannan gari su sake karo a wancan ba, kowa yana rama abin da aka yi masa. Tsarin littafin daga zaure ya fito, ko da yake da haruffan boko aka rubuta shi.

Hanyar Zariya

Daga Katsina zuwa Zariya tafiya ce ta fiye da kilomita 200. Hanyar da aka saba bi ita ce ta Kankiya da Malumfashi da Bakori da Funtuwa, sannan Giwa da Shika da Samaru. Bai kamata a bar sa'o'in da za a yi a mota su tafi a banza ba. Ana iya raba wa ɗalibai labarai daga Magana Jari Ce tun kafin a tashi, kowa ya ba da nasa da ka a hanya. Da ma littafin don a karanta a bayyane aka yi shi, kuma ɗalibin da zai zama malami yana bukatar ya saba da ba da labari a gaban jama'a.

Zango na uku: Zariya

An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya tun farkon shekarun 1930, daga baya aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi da aikinta ya wuce fassara ya kai ga wallafa. A 1936 hukumar ta nemi aron Abubakar Imam daga Katsina. Ya yi kimanin wata shida a Zariya tare da East, a cikin wannan ɗan lokaci ya rubuta Magana Jari Ce littafi na ɗaya da na biyu da na uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939.

Yana da kyau ɗalibi ya yi tunani a kan yadda aka yi wannan aiki, domin ya saɓa wa hoton da mutane ke da shi na marubuci zaune shi kaɗai yana jiran ilhama. Aikin ofis ne, mai wa'adi da mai dubawa. An tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya zaɓa, ya sake ƙera su da Hausa, East yana dubawa yana ba da shawara. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran, sun nuna waɗanda suka samo asali daga Alfu Laila, da waɗanda suka fito daga tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, da sauransu. Shi kansa tsarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita, sananne ne a adabin Indiya da na Farisa.

Wasu ɗalibai kan ji sanyin jiki idan suka fara jin haka, kamar an rage wa gwaninsu daraja. Bai kamata ba. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya aro. Labarai fiye da 80 ne a littattafan uku, kuma Bahaushen da bai san asalinsu ba zai karance su bai ji ƙamshin baƙunta ba, saboda an sauya sunaye da sana'o'i da abinci da dabbobi, an sa karin magana a bakin mutane, an ɗaure kowane labari a jikin babban labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da Waziri maci amana. A littafi na biyu an mayar da ba da labari gasa tsakanin aku biyu, a na uku kuma aku ya zama malami yana horon ɗansa Fasih. Wannan littafi na uku ya cancanci kulawa ta musamman daga mai koyon malanta, domin a cikinsa ana ganin hannun malamin Midil: a ba da labari, a tambayi yaro abin da ya fahimta, a gyara masa, a hore shi idan ya yi sakaci. Ana iya yin muhawara a kan ko irin horon da aku ke yi wa ɗansa ya dace da aji na yau, kuma muhawara ce mai amfani.

Bayan ya koma Katsina na ɗan lokaci, sai aka sake kiran sa Zariya, wannan karo don zama. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa, ya riƙe ta kimanin shekara 12. An kafa jaridar ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jita-jita ta yi yawa cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus, hukuma kuma tana son hanyar isar da nata bayani ga jama'a. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, daga nan sunan ya samo ma'anarsa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a wajen Tukur-Tukur, aka haɗa aikin jarida da na ɗab'i da na littattafai wuri guda, har unguwar da titin suka ɗauki sunan Gaskiya. A kan wannan titi ne Kwalejin Barewa take, wato tsohuwar makarantarsa ta Katsina ta biyo shi Zariya suka zama maƙwabta. Daga wannan tushe ne Hukumar NORLA ta fito a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966, wanda ya ci gaba da buga littattafansa.

Mai ziyara a Gaskiya ya lura da abu ɗaya. Bayan Magana Jari Ce, Abubakar Imam bai sake rubuta wani babban ƙagaggen labari ba. Jarida ta ɗauke shi, sannan siyasa da aikin hukuma. Abin da ya rubuta daga baya ya fi karkata ga ilmantarwa da tarihi da addini, kamar Ikon Allah da ya yi tare da East, da Tarihin Annabi Kammalalle. Sunan da ya yi a fagen ƙaga labari ya tsaya ne a kan aikin da ya gama kafin ya cika shekara 30. Ko adabin Hausa ya yi asara da wannan sauyi, ko kuwa ribar da aka samu a jarida ta rufe asarar, tambaya ce da za a iya ba ɗalibai su tattauna a wurin. Abin da ba a musu a kai shi ne, Hausar da ya yi amfani da ita a Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taimaka ƙwarai wajen daidaita rubutacciyar Hausa da ake karantawa daga Sakkwato har Adamawa.

A wannan zamani na aikin jarida ne ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya bayyana masa matsalolin mulkin Arewa. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944. Ya dace a karanta wani sashe na wannan littafi kafin a fita ziyara, domin misali ne na yadda matafiyi ke lura da abin da ya gani, ya kwatanta shi da na gida, ya rubuta shi yadda wanda bai je ba zai fahimta. Irin rahoton da ake so ɗalibi ya kawo ke nan.

A Zariya ya rasu, ranar Juma'a 19 ga Yuni, 1981. Tarihin rayuwarsa da ya bari an buga shi da Ingilishi a 1989, Abdurrahman Mora ne ya tsara shi.

Kaduna

Kaduna zango ne na mai bincike fiye da mai kallo. A nan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa bayan ya bar jarida da majalisa. Abin da zai kai ɗalibin Hausa can shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake ajiye takardun zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa. Ayari mai yawa ba ya amfana da irin waɗannan wurare. Sun fi dacewa da ɗalibi ɗaya ko biyu masu rubuta kundin kammala karatu, waɗanda suka san abin da suka je nema.

Kagara da Kwantagora

Kagara tana cikin Jihar Neja a yau, ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi, a kan hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Birnin Gwari zuwa Tegina da Kwantagora. Kwantagora kuwa Umaru Nagwamatse ne ya kafa ta a ƙarni na 19, sarkinta ake kira Sarkin Sudan, Turawa suka ci ta da yaƙi a 1901 zamanin Ibrahim Nagwamatse. Wannan yanki shi ne asalin gidan su marubucin, kuma ya bar alama a littattafan 'yan'uwan biyu ta hanyoyi mabambanta. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, ya ga zuwan Turawa da idonsa yana yaro, shi ya sa kashin farko na Ganɗoki ya cika da yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna da garuruwa na gaske. Ƙanensa, da aka haifa shekara 10 bayan an ci Kwantagora, sunan garin kawai ya ɗauka ya mayar da shi mafarin tafiya da makomarta. Idan akwai littafin gasar 1933 da za a iya bin wani sashe nasa da taswira, Ganɗoki ne.

Sai dai a nan dole a faɗi magana a fili. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara suka sace ɗalibai da ma'aikata, wata biyu kacal bayan irin wannan ta faru a makarantar sakandaren Ƙanƙara a Jihar Katsina, a watan Disamba na 2020. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya ke tsoro. Rayukan ɗalibai amana ce a hannun malami, kuma babu wani darasin adabi da ya kai a jefa su cikin haɗari dominsa. Kada a sa wannan zango cikin shiri sai an tuntuɓi hukumar kwaleji da jami'an tsaro an sami tabbaci a lokacin tafiyar, haka ma hanyar Funtuwa. Idan bai samu ba, taswira da hotuna da bayanin ɗalibin da ya fito daga yankin sun wadatar.

Shirin malami

Ziyara takan lalace tun kafin a tashi, idan aka fita da ɗaliban da ba su karanta littattafan ba. Wanda bai san Malam Zurƙe ba, babu abin da soron kwaleji zai gaya masa, hoto kawai zai ɗauka da waya ya dawo. Saboda haka sharaɗin shiga mota shi ne a karance Ruwan Bagaja da aƙalla littafi ɗaya na Magana Jari Ce. Bayan wannan sai rubuta takardun neman izini zuwa ga shugaban sashe da hukumar gidan tarihi da duk makarantar da za a shiga, a kuma kai su da wuri.

A wurin ziyara, kowane rukuni na ɗalibai ya riƙe tambaya ɗaya tak da zai nemo amsarta. Abin da dattawa da ma'aikatan wuri suka faɗa a rubuta shi da sunan wurin da ranar, amma a koya wa ɗalibai su auna shi da abin da ke rubuce, musamman shekaru, domin a nan ne baki ya fi yin tuntuɓe. Idan bayanin baka ya saɓa wa na littafi, a rubuta duka biyun, a kawo aji a tattauna.

Aikin ɗalibi

1. A zana taswira biyu, ɗaya ta garuruwan da Abubakar Imam ya zauna tare da shekarun, ɗaya ta garuruwan da aka ambata a Ruwan Bagaja. A nuna inda suka haɗu.

2. A zaɓi labari ɗaya daga Magana Jari Ce littafi na uku, a bayyana dabarun koyarwa da aku ya yi amfani da su, sannan a faɗi wanda zai yiwu a aji ɗaya na ƙaramar sakandare da wanda ba zai yiwu ba.

3. A tsara ziyarar yini ɗaya a cikin birnin Katsina ga ɗalibai 30, a nuna wuraren da za a tsaya, da lokacin da za a ɗauka a kowane wuri, da tambayar da za a ba kowane rukuni.